Ramukan da ke kufan kakanninmu: akwai zinariyar sarakuna a ciki?

Tambaya: Malam, a gabas da Zinder akwai kufan kakanninmu, da wasu tsofaffin ramuka masu zurfi, ga baƙaƙen duwatsu masu nauyi a warwatse a bakinsu. Wani boka ya ce dukiyar Sarkin Damagaram Tanimu ce aka binne, aljanu na gadinta. Ƙanena ya sayar da awakinsa ya biya shi, bayan girbi zai shiga ramin. Hankalina ya tashi.

Amsa: Ɗan'uwa, ka hana shi tun yau.

Baƙaƙen duwatsun nan, bisa kwatancenka, kashin maƙera ne, wato abin da ke saura bayan an narka tama. Inda ka gan shi da yawa, maƙera sun taɓa zama a wurin, ramukan kuwa galibi na haƙar tama ne, ko na laka, ko tsofaffin rijiyoyi. Kufai ba abin mamaki ba ne a ƙasar nan. Sarautar Damagaram kanta ta zauna a Damagaram ta Kaya da wasu garuruwa kafin ta dawo Zinder a farkon ƙarni na 19. Yaƙi, fari da ƙafewar rijiya su ke tashin gari.

Batun zinariyar Tanimu kuwa, na gaji da jinsa. Tanimu, wanda ya rasu a 1884, shi ya gina ganuwar Birnin Zinder, ya sa aka ƙera masa igwa. Dukiyarsa kuɗin wuri ne, da dawaki, da bayi, da gashin jimina da fatun da ayari ke kaiwa Tarabulus. Wane sarki ne zai bar fada mai ganuwa ya je ya zuba arzikinsa a ramin maƙera cikin daji? In bokan ya san inda take, me ya sa ya tsaya karɓar kuɗin akuya?

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne maganar aljanu. Ramin da ya daɗe a rufe, iskar da ake shaƙa ta ragu a ƙasansa. Mutum ya sauka, kansa ya yi nauyi, ya zube ba ko ihu. Ɗan'uwansa ya bi shi don ya ɗauko shi, shi ma ya zube. Sai boka ya ce ai ba a yanka baƙin bunsuru ba. Turare da laya ba sa ƙara iska a rami. Hayaƙin turaren ma ƙara shaƙe mutum yake. Ga ruftawa kuma, musamman bayan damina da ƙasa ta sha ruwa. A Nuwamban 2021 ramin zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa na jahar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu, kuma wannan sabon rami ne.

Ku kewaye bakin ramukan da ƙaya saboda yara da dabbobi, ku sanar da maigari. Ka ɗauki hoton kashin maƙeran da guntattakin tukwane a inda suke, kada ka kwashe, ka nuna wa malaman tarihi na Jami'ar André Salifou ta Zinder. Tsofaffin maƙeran garinku ma ka tambaye su sunan kufan da zuriyar da ta yi aiki a can.