Wasa Gatarin Gasar Sara da Na Jifa: Me Ya Sa Bakin Ke Yin Giɓi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni da abokaina a Rigasa mun ga bidiyon gasar saran itace da ta jifan gatari, muka fara gwadawa. Na kai gatarina wurin mai injin washi, ya yi masa baki siriri har yana aske gashi. A gungume na farko bakin ya yi giɓi biyu, wani wurin kuma ya lanƙwashe. Da muka jefa shi a allo, sai ya riƙa faɗowa bai kafe ba. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Abin da ya fi ba ka matsala shi ne kaurin ƙarfen da ke bayan bakin. Aske gashi ba ya nuna gatari zai jure sara. Reza ma tana aske gashi.

Gatarin da ka gani a bidiyo daban yake da na kasuwa. Wasan saran ya taso ne daga masu saran daji na Tasmaniya a Ostireliya tun wajen 1870, gasar Stihl Timbersports kuma ta fara a Amurka a 1985, kuma akwai kamfanoni irin su Tuatahi na Niyu Zilan da suka shahara a ƙera gatarin gasa. Nauyin gatarin gasa kan kai kilo 2.5 zuwa 3, faɗin baki wajen santimita 17 zuwa 18, kusurwar bakin kuma digiri 13 zuwa 16 kawai. Ƙarfen na musamman ne, itacen da suke sara kuma zaɓaɓɓe ne: ɗanye, an ɓare ɓawonsa, babu ƙulli, babu ƙasa a jiki. Gatarin aiki na yau da kullum yana tsakanin digiri 25 zuwa 30. Idan aka ɗauki ƙarfen kasuwa aka kai shi sirantar na gasa, sannan aka ɗora shi a kan busasshen marke ko ƙirya, dole ya karye. Ko a Ostireliya, inda suke saran itacen turare irin wanda aka shuka a dajin Afaka na Kaduna, suna barin bakin da kauri fiye da na masu saran itace mai laushi a Turai.

Ba sai kana da ma'aunin kusurwa ba. Ka auna santimita 2 daga baki zuwa baya, ka duba kaurin ƙarfen a wurin da ma'aunin kauri irin na masu aikin ƙarfe a Panteka. Milimita 5 da ɗan ɗoriya na nufin digiri 15, milimita 7 digiri 20, milimita 9 kuma kusan digiri 25. Ga mai koyo da gatarin kasuwa a kan ɗanyen malaina, milimita 7 ya isa. Ga turare, ka tsaya a 8. Kada ka sauka ƙasa da haka sai ka ga ƙarfen ya jure gungume biyar ko shida ba tare da ya yi giɓi ba.

Sai maganar inji. Giranda marar ruwa tana gudu da sauri, siririn baki kuma ba shi da naman da zai shanye zafi. Ka duba bakin gatarinka da hasken rana. Idan ka ga launin ruwan zuma ya fara fitowa, zafi ya wuce digiri 200. Idan ya yi shuɗi, ya kai wajen 300, kuma taurin da maƙeri ya ba shi ya ragu a wurin. Nan ne ya lanƙwashe. Tsoma shi a ruwa bayan ya yi shuɗi ba ya dawo da taurin. Maganinsa a cinye wurin da magagari har a kai lafiyayyen ƙarfe, wanda za ka gane shi da yadda magagarin zai fara jin turjiya.

Ga yadda za ka gyara. Ka ɗaure gatarin sosai a kan benci, bakin ya ɗan fito waje, ka sa safar hannu ta fata. Da farko ka miƙe magagari a kan tsinin bakin ka dakushe shi gaba ɗaya, daga sama har ƙasa, sai giɓin ya ɓace. Mutane suna jin ciwon wannan mataki, su koma suna bin giɓin shi kaɗai, a ƙarshe bakin ya yi kwari a tsakiya, ba ya shiga itace daidai. Ka kiyaye lanƙwasar bakin ta asali. Bayan nan ka shafa baƙin tawadar alƙalamin maka a kumatun gatarin biyu, faɗin santimita 2, domin ka riƙa ganin inda magagarin ke ci. Magagari a turawa yake ci, don haka ka ɗaga shi in za ka dawo. Ka ƙirga: turi 20 a wannan gefe, 20 a wancan. Idan gefe ɗaya ya fi cinyewa, bakin ya kauce daga tsakiyar ƙota, gatarin ya riƙa zamewa a sara, ƙafarka kuma tana kusa.

Ka ci gaba har ka ji wani siririn leɓen ƙarfe ya juyo ɗaya gefen, tun daga tsinin sama har na ƙasa. Shi ne shaidar cewa kumatun biyu sun haɗu. Daga nan sai dutsen washi da ruwa, ana zagayawa ƙanana-ƙanana: mai kaushi lamba 220 ko 400, sannan 1000. In babu dutse, samfefa mai jure ruwa da aka manna a miƙaƙƙen katako tana yin aikin. Kada ka canza lamba sai zanen na baya ya goge duka, domin sulɓin kumatu shi ke sa gatari ya fito daga itace da sauƙi, kuma a gasa lokacin da ake ɓatawa wajen ciro gatarin da ya maƙale yana da yawa.

Mataki na gaba shi ne wanda mai injin bai yi maka ba. Ka ɗan ɗaga dutsen mai laushi, ka yi wa tsinin ƙaramin baki na biyu, faɗinsa rabin milimita zuwa milimita 1, shafa biyar zuwa goma kowane gefe. Wannan ɗan layin ne ke tokare bakin ya hana shi karyewa. Sai ka ja shi a kan fata, baki yana bin baya, har leɓen ya faɗi. Gwaji da takarda ya isa. A bar gwadawa da yatsa.

Gatarin jifa kuwa ka nemi wani dabam, ƙarami. Kuma kada ka jefa gatarin gargajiya wanda ruwansa ke soke a cikin kan ƙota, domin ruwan na iya fita ya tashi shi kaɗai. Sai mai ido wanda ƙota ke shiga ta cikinsa a matse ta da tsinke. Yana son siraran kumatu, wajen digiri 20, amma ba ya bukatar kaifin aski, dutse lamba 400 zuwa 1000 ya wadatar. Ka fi kula da tsinin sama, shi ke fara taɓa allo, shi ke fara dakushewa.

Faɗowar da yake yi galibi daga juyi ne ko daga allon. A gasar ƙaramin gatari ana tsayawa wajen ƙafa 12, kusan mita 3.7, gatarin ya juya sau ɗaya. In ƙota ce ke fara bugun allo, juyin bai cika ba, ka ja baya rabin taki. In saman kan gatarin ne ke bugu, ya wuce, ka matso. Allon ya zama katako mai laushi, jijiyarsa a tsaye, a yayyafa masa ruwa kafin a fara. Busasshen madaci zai dawo maka da gatarin komai kaifinsa. Kowa ya tsaya bayan mai jifa, yara kuma su yi nisa.

Da damina ka goge ruwan gatarin bayan aiki, ka shafa masa ɗan man inji, ka sa shi a kube na fata, tsatsa tana fara ci ne daga tsinin baki. Da hunturu ƙota ce ke bushewa ta tsuke, kan ya fara girgiɗi. Jiƙa ta a ruwa yana matse ta na kwana ɗaya ko biyu, in ta bushe sai ta fi da sakewa. Ka ƙara buga tsinken, ko ka sa sabo, sannan ka shayar da kan ƙotar mai.