Keken haya a kan tuddai: kafin dutse, a ji tsoron ƙaya

Wasiƙu uku ne suka haɗu a wannan mako a kan abu ɗaya, wato keken nan mai kaurin taya da muke kira VTT. Biyu na gida ne, ɗaya daga ƙetare.

Ta farko daga wani ma'aikaci ɗan Maraɗi: "An turo ni Yamai horo na mako uku. Abokan aiki sun ce a hayin gulbi, bayan Harobanda, akwai tuddai masu daɗin hawa da keke. Wani mai sayar da kekunan gwanjo ya ce zai ba ni haya jika biyar a wuni, ko in saya gaba ɗaya jika tamanin. Wanne ya fi?"

Malam, mu fara da lissafi. Mai horo ba shi da lokaci sai Asabar da Lahadi, kwana shida ke nan a mako uku, jika talatin, wato sefa dubu talatin. Sai ka yi kwana goma sha shida kana hawa kafin haya ta kamo kuɗin saye. Saboda haka haya ta fi maka, sai dai in kana da niyyar ɗora keken a mota ka koma da shi Maraɗi. Kuma kada ka yi ciniki wuni-wuni. Ka ce masa kwana shida kake so, a yi kuɗin a dunƙule, zai rage.

Amma kuɗin haya shi ne ƙaramin abu a cikin wannan magana. Babban abin shi ne keken da zai miƙo maka. Tuddan da aka gaya maka, waɗanda ake kira Trois Soeurs da na kewayensu, ba duwatsu ne masu tsawon a zo a gani ba. Marmara ce ja mai shimfiɗaɗɗen kai, gefenta tsakuwa mai zamewa, ƙasanta kuma rairayi da ƙaya. Irin wannan ƙasa ba ta neman keke mai ado. Za ka ga wasu da ƙaton sifirin a tsakiya, an shafe su da fenti mai ƙyalli, mai kaya yana danna sirdi yana cewa ka ga laushi. Ka bar masa abinsa. Na arha a cikin irinsu nauyi ne kawai, kuma duk takun da ka yi sai sifirin ya sha rabonsa kafin taya ta samu. Nemi wanda bayansa ƙarfe ne tsaye, sifirin a gaba kawai, ko ma babu.

In an fito da shi, kada ka ji kunyar ɓata wa mai shago lokaci. Ɗaga ƙafar gaba ka juya ta, ka zuba wa gefen ƙarfenta ido: in tana rawa tana taɓa robar birki, ta lanƙwashe. Yi wa ta baya haka. Matsa wayoyin ƙafar biyu-biyu da hannu, ka ji ko akwai wadda ta saki. Riƙe birkin gaba tam, ka tura keken gaba da baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuyansa, wuyan ya saki. Sannan ka hau ka zagaya layin, ka bi giya ɗaya bayan ɗaya har ka kai mafi sauƙi, domin ita ce za ta hau da kai tudu, kuma ita ce ta fi yawan ƙin shiga a kekunan gwanjo. Tsawo kuma, ka tsaya da keken a tsakanin ƙafafunka, ya zama akwai sararin yatsu huɗu tsakaninka da ƙarfen sama.

Bari in ba ka labarin abin da ya koya mini wannan dogon bincike. Wata shekara da sanyi na karɓi keke wurin wani mai gwanjo, ba zan faɗi kasuwar ba. Na duba birki, na duba sarƙa, na ɗauki famfona na gida na ƙetare Gadar Kennedy ina jin kaina. Ban yi nisa da barin kwalta ba na ratsa wani fili, sai na ji bayan keken ya yi laushi. Na sauka, ga tsidau uku sun kafe a taya kamar an dasa su. Ban damu ba, na fito da kayan faci, na liƙe. Da na zo bugun iska sai na ga bakin tiyub ɗin siriri ne, irin na kekunan Turai mai ɗan kusa a kai, famfona kuwa na bakin mota ne mai kauri. Na juya shi ta kowace fuska, ko numfashi bai shiga ba. Haka na tura keke a rairayi har rana ta take, sai wani yaro mai amalanken jaki ɗauke da itace ya tausaya mini. Ni da keke muka hau kan itacen, yana ta satar kallona yana danne dariya. Da na mayar da keken, mai shi ya nuna wata lanƙwasa a ƙafar baya ya rantse ni na yi ta. Ba ni da shaida, ba ni da hoto. Na biya.

To ka ga abu biyu. Na ɗaya, famfon da za ka tafi da shi ka gwada shi a kan keken nan tun a shago. Ka ɗauki tiyub biyu sababbi, ko shambur kamar yadda masu facin Yamai ke cewa, da kayan faci. Tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa su ne masu tsare baƙo a hanya. Ƙarangiya ita safa take kamawa, sai dai haushi. Na biyu, kafin kuɗi su bar hannunka ka ɗauki hoton keken ta kowane ɓangare a gaban mai shi, ku yi magana a fili gaban mutum ɗaya ko biyu: faci na wa ne, in sarƙa ta tsinke wa zai biya, in an sace nawa ne kuɗinsa. Zai nemi jingina, hakkinsa ne. Ba shi kuɗi da kwafin katinka, amma katin ɗan ƙasa na ainihi ya zauna a aljihunka, don a bakin gari za a iya tsayar da kai a tambaye shi.

Hawan kansa ba wuya ga wanda ya saba keke. A rairayi ka sa giya mai sauƙi, ka mayar da nauyinka baya, ka bar kan keken ya nemi hanyarsa, kada ka yi kokawa da shi. A gangara ka tashi daga sirdi, fedoji su daidaita, ka matsa birki biyu tare a hankali. Wanda ya damƙe na gaba shi kaɗai a kan tsakuwa, haɓarsa ce za ta ba da labari. Fita bayan sallar asuba, dawo kafin hantsi ya yi zafi, da ruwa aƙalla lita uku da ɗan dabino. Kilishi a bar shi sai an dawo, ƙishirwa yake ƙarawa.

Sai maganar da ba a so amma dole. Da ka bar iyakar Yamai ka shiga jihar Tilaberi, kuma kowa ya san halin rashin tsaro da ake ciki. Kure mai raƙuman dawa, tafiyar kilomita 60 kawai, can aka kashe mutum takwas ranar 9 ga Agusta 2020, Faransawa shida da ƴan ƙasa biyu. Tsaya inda kake hango gari, tafi da ɗan unguwa, ka tambayi masu masaukinka a daren da za ka fita, kuma kada ka ɗaga waya ka ɗauki hoto wajen gada ko wurin sojoji.

Wasiƙa ta biyu daga wata Hajiya ce a Tawa: "Ɗan yayana da ya girma a Beljiyam zai zo hutu a watan Agusta. Ya ce yana son hawan duwatsun Keita da Buza da keke. Mu nema masa a nan, ko ya zo da nasa?"

Hajiya, Allah ya kawo shi lafiya. Yaron ya iya zaɓe, don ƙasar Adar ta fi Yamai abin hawa nesa ba kusa ba: fako mai faɗi a sama, gangare mai duwatsu masu kaifi, sannan kwari mai fadama a ƙasa. Sai dai watan da ya zaɓa ne bai yi ba. Agusta tsakiyar damina ce. Koramar da ya ƙetare a bushe da safe tana iya cika ta hana shi komawa da yamma, ko da ba a yi ɗigo ɗaya a kansa ba, ruwan daga tudu yake gangarowa. Laka kuma tana cushe tsakanin taya da ƙarfe har keke ya ƙi motsi. Lokacin wannan wasa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Afrilu da Mayu kuwa, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40, ko maƙiyinki kada ki ba shi shawara. In Agustan ne dole, ya yi gajerun fita a kan fako, ya bar kwari.

Zuwa da nasa keken ban goyi baya ba. Kuɗin ɗaukarsa a jirgi daban, sannan irin nasu yawanci ƙafa mai inci 29 ce da birki mai aiki da mai. In tiyon birkin ya fashe a ƙauye, wa zai taɓa shi? Mai facin gefen hanya abin da ya saba da shi ƙafa mai inci 26 ce da birkin waya, kuma kayanta ne a akwatinsa. Ku nema masa irin wannan a Tawa, aro ko haya, a kai wa mai gyara ya bi shi tun kafin ya iso. Abin da zai sako a jaka ƙanana ne: hular kwano daidai kansa, safar hannu, famfo, tayoyi biyu masu kauri na inci 26, da ruwan nan da ake ɗurawa a tiyub yana toshe hudar ƙaya da kansa.

Akwai abin da ku ne za ku koya masa, ba shago ba. Jerin duwatsun da zai gani a gangaren Keita, da ramukan tasa da masu siffar rabin wata, ba don wasa aka yi su ba. Tun 1984 aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a can da taimakon Italiya, kuma mata ne suka ɗauki yawancin duwatsun nan a ka. Mai keke yana ganin irin wannan jeri sai ransa ya ba shi ya yi tsalle a kai. Ya rushe dutse biyu, ruwa ya samu ƙofa, gonar wani ta zaizaye. Ya bi turbar jakuna da ta masu zuwa rijiya. In ya shiga gari ya sauka ya gai da maigari, kuma ɗan matsattsen gajeren wandon nan nasu ya ɗora dogo a kai, kada ya ja muku magana. A haɗa shi da saurayi ɗan yankin mai nasa keke, a sallame shi da abin kirki. Arewacin Tawa, wajen Tiliya da Tasara, babu zancen zuwa. Ba mu manta da harin da aka kai a Tiliya a watan Maris 2021 ba. In kuma da fasfon waje zai shigo, a sanar da hukuma a Tawa kafin ya fita gari.

Ta uku ɗalibi ne ɗan Yamai da ke karatu a Faransa: "Abokai za su kai ni Les Gets da bazara. Shagon haya yana tambayata irin keken da nake so, kuma wai za su riƙe yuro dubu a katina na banki. Ba cuta ba ce?"

Ƙanena, ba cuta ba ce, jingina ce, kuma in ka mayar da kaya lafiya za a sake maka kuɗinka. Amma da yake yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, abin da za a riƙe ya kusa jika 656, don haka ka tabbata katinka zai ɗauka, ka kuma tambayi inshorar lalacewa da shagunan ke sayarwa a kan ɗan ƙari. Karɓe ta, ka karanta nawa ne zai rage a wuyanka in abu ya karye.

Wurin da za su kai ka, wani gari a tsaunukan Faransa, ba na wasa ba ne, can aka yi gasar duniya ta wannan fanni a 2004 da 2022. Ba ka hawa da ƙarfinka, kujerun da ke tafiya a kan igiya ne ke kai ka sama tare da keken, aikinka gangarowa. A nan kam, saɓanin abin da na gaya wa ɗan Maraɗi, karɓi mai sifirin gaba da baya, domin nasu na gaske ne, da hular da ke rufe haɓa da abin kare gwiwa. Hanyoyin an yi musu launi: kore mafi sauƙi, sai shuɗi, sai ja, sai baƙi. Wuni na farko kore da shuɗi sun ishe ka. Abokai za su ce ja ba komai, ka ce musu kai baƙo ne. Birkinsu kuma ba irin na keken da ka bari a gida ba ne da ake damƙa da hannu duka. Yatsa ɗaya ya isa ya tsayar da kai cak. A Faransa na hagu shi ne na gaba, a Ingila akasin haka, don haka ka matsa kowanne a ƙofar shago ka ga wace ƙafa ya kama kafin ka hau kujerar da za ta kai ka sama.