Kafin ka yi hayar jirgin kanal a Ingila: ladubban ruwa da kallon da ake wa 'yan haya

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatu a Birmingham, kuma kai da abokanka kuna so ku yi hayar dogon jirgin nan na kanal in an yi hutun bazara, amma ka ji cewa masu jiragen kansu ba sa ƙaunar 'yan haya. Kana tambaya ko gaskiya ne, da kuma yadda za ka yi kada a yi maka tsawa a bainar jama'a.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Jirgin haya ba ya ɓuya, domin sunan kamfani da fentinsa suna jikinsa, daga nesa an san ko su waye ke tafe. Ba a neman lasisin tuƙi kafin a ba ka shi. Za a zaga da kai a nuna maka komai cikin awa ɗaya ko biyu, sai a miƙa maka ƙarfe mai nauyin tan 15 ko fiye, tsawonsa wani lokaci ya kai ƙafa 70, ba shi da birki. Wanda ya kashe dukiyarsa a kan jirgi, ko wanda jirgin ne gidansa, dole gabansa ya faɗi in ya hango ka. Ga kuma wasu 'yan haya da ke zuwa don shaye-shaye da hayaniyar ƙarshen mako, wake ɗaya kuwa shi ke ɓata gari. Sai dai a ganinmu rainin ya wuce gona da iri. Da yawa daga masu jiragen nan da haya suka fara, kamfanonin haya suna biyan kuɗin lasisi mai tsoka da ake gyaran hanyoyin da shi, kuma za ka ga mai jirgin kansa yana tafka kuskuren da ɗan haya ba zai yi ba. Haƙƙinka a kan ruwan daidai yake da na kowa. Baƙar fata ba su da yawa a wannan harka, don haka za a dube ka, amma abin da ake auna mutum da shi a kanal abu biyu ne: irin gudun da yake yi in zai wuce jirgin da ke ɗaure, da halin da ya bar matakalar ruwa, wato wurin da ake hawa da sauka da jirgi, a bayansa.

Ka fara sanin irin ruwan. Ba kogi ba ne kamar Kwara, hanya ce da aka haƙa da hannu tun ƙarni na 18 don dakon gawayi da kaya, doki na tafiya a turbar gefe yana jan jirgi. Ta Bridgewater da aka buɗe a 1761 ita ake ɗauka mafarin wannan zamani. Yau hukumar Canal & River Trust, wadda ta gaji British Waterways a 2012, ita ke kula da kimanin mil 2,000 a Ingila da Wales. Ruwan ba shi da zurfi, a wurare da yawa bai wuce ƙugu zuwa ƙirji ba, kuma hanyar siririya ce. Faɗin jirgin ƙafa 6 da inci 10 ne, saboda ƙananan matakalun ƙafa 7 ne kawai.

Iyakar gudu mil 4 a awa, kamar sassarfar mai tafiya a ƙasa, kuma wannan iyaka ce, ba wai dole sai ka kai ta ba. In ka waiga ka ga igiyar ruwan da ka tayar tana fashewa a gaɓa, ka yi yawa, kana zaizaye gefen hanya kana rushe sheƙar tsuntsaye. Idan za ka wuce jiragen da ke ɗaure, sauke injin zuwa silo, mafi ƙanƙantar gudun da giya ke ja. Nan ne yawancin rigima ke tashi, kuma dalilin a fili yake: jirgi a siririyar hanya yana tura ruwa gaba yana zuƙe na gefe, sai jirgin da ke ɗaure ya yi gaba ya dawo baya da ƙarfi, turakunsa su tumɓuke, tukunyar da ke kan wuta a ciki ta kife. Kuskuren sabon shiga shi ne sai ya zo daidai da jirgin sannan ya rage wuta, alhali ruwan da ya turo ya riga shi isa. Rage tun kana nesa da tsawon jirgi biyu ko uku, kada kuma ka ƙara sai bayanka ya wuce. Wani lokaci layin jiragen zai yi rabin mil, haƙuri za ka yi. Sannu ba ta hana zuwa. Haka za ka yi wa masu kamun kifi da ƙugiya, ka rage gudu ka tsaya a tsakiyar ruwa.

A titin Ingila hagu ake bi, a kan ruwa kuwa dama. Ka riƙe tsakiya inda zurfi yake, in wani ya taho ka raɓa dama. Sandar tuƙi a baya take kuma aikinta a juye yake: ka tura ta hagu, goshin jirgi ya yi dama. Jirgin yana juyawa ne a kan tsakiyarsa, don haka in goshi ya yi dama gindi zai yi hagu, shi ne yake bugun jirgin mutane. Tsayawa da ribas ake yi, kuma a ribas jirgi ba ya jin tuƙi sosai. A ƙarƙashin gada jirgi ɗaya ke wucewa, wanda ya fi kusa shi ke da hanya. A kwanar da ba ka ganin gaba, danna oda sau ɗaya mai tsawo. In ka ga jirage sun taru a bayanka, nemi miƙaƙƙen wuri ka raɓe ka yi musu hannu su wuce, wannan kaɗai yana sayo maka mutunci.

Sai matakalar ruwa, wadda suke kira lok. Ɗaki ne na bulo ko dutse mai ƙyaure a sama da ƙasa, ana cika shi jirgi ya hau, ana zubar da shi jirgi ya sauka. Ruwa na shiga da fita ta wasu tagogi da ake ɗagawa da wani ƙarfe mai lanƙwasa kamar sifana, za a ba ku biyu ko uku. Kafin ku taɓa komai, mutum ɗaya ya sauka ya leƙa ɗaya ɓangaren. Idan ruwan lok ya yi daidai da jirgin da ke tahowa daga can, nasa ne, ku jira ko da kun riga shi zuwa. Juya lok a gaban mai zuwa, wato cika shi ko zubar da shi don jirginka, shi ne babban rashin ladabi a kanal, domin cika ɗaya na ƙaramin lok yana cin ruwa wajen lita 100,000, kuma ruwan daga madatsun da ke can saman tudu yake gangarowa. A shekarar da ruwan sama ya yi ƙaranci har rufe hanyoyi ake yi. Saboda haka ne ma a manyan lok masu faɗin ƙafa 14 ake so jirage biyu su shiga tare.

Wajen sauka akwai haɗarin da ke nutsar da jirage, ka karanta wannan sau biyu. A gindin ƙyauren sama akwai dakali da ruwa ya rufe, an ja masa farin layi a bakin lok. Dole gindin jirginka ya kasance gaba da wannan layi. In ya hau dakalin, ruwa na raguwa, baya zai maƙale goshi ya dulmiya, cikin ɗan lokaci ruwa ya cika jirgi. Da zarar an ga haka, a sauke tagogin ƙasa duka nan take, sannan a buɗe na sama kaɗan-kaɗan har jirgin ya taso. Kada kuma a ɗaure igiya tamau lokacin sauka, jirgi zai rataye. Wajen hawa, a buɗe taga rabi tukuna, domin ruwan na iya fizgar jirgi ya maka shi da ƙyaure, a kuma lura kada goshi ya shige ƙarƙashin katakon ƙyauren. Mai riƙe da taga idonsa na kan direba koyaushe, ba kan waya ba.

Kowace taga tana da ɗan maƙalli da ke hana ta zamewa. Sa shi kafin ka fara ɗagawa, kuma kada ka taɓa barin sifana a jiki ka saki hannu, in maƙallin ya kuɓuce za ta juya da ƙarfi ta fasa haƙori ko ta karya hannu. Wajen rufewa a hankali ake sauke taga, ba a sakinta ta faɗi. Kafin ku tafi ku rufe ƙyaure da tagogi duka, sai fa in ga wani jirgi yana shirin shiga, to ku bar masa a buɗe. Taga ɗaya da aka manta tana iya zuƙe ruwan da ke tsakanin lok biyu, a wayi gari jiragen mutane na zaune kan laka. Taimaka wa jirgin da ke gabanka abu ne mai kyau, amma kada ka ɗaga masa taga sai direbansa ya yi maka alama. A wurare irin su Foxton, inda lok goma ke jere biyar-biyar kamar tsani, akwai masu kula, ka same su su rubuta jirginka a layi kafin ka shiga.

Wajen ɗaure jirgi, wurare huɗu ba naka ba ne: bakin lok inda ake sauke mutane, wurin ɗiban ruwa in ba ɗiba kake yi ba, faffaɗan wurin da ake juya jirgi, da kusa da gada ko kwana. Ɗaura a gefen turba, igiyar gaba ta karkata gaba, ta baya ta karkata baya. In babu zobe, kafa turke da guduma ka rataya masa wani abu mai haske don masu keke, kuma igiya kada ta gitta turba. Daga ƙarfe 8 na dare zuwa 8 na safe ba a kunna inji ko janareta a inda aka ɗaure kusa da mutane. Sauti yana tafiya a kan ruwa, hirarmu kuwa in ta yi daɗi murya takan ɗaga, sai ku kula.

In jirgi ya daina ja, ko sandar tuƙi ta soma rawa, leda ko igiya ce ta naɗe farfela, abin da ya yawaita a cikin birni. Kashe inji, zare makulli ka sa a aljihu, buɗe murfin da ke saman farfela ka cire. Mayar da murfin ka ɗaure shi sosai, domin in bai zauna ba farfela za ta riƙa watso ruwa cikin ɗakin inji har jirgi ya nutse. Idan wani ya faɗa ruwa, abu na farko a fitar da injin daga giya. Wanda bai iya ruwa ba ya sa rigar ceto, musamman a lok, inda zurfi yake.

Abin da ya shafe mu musamman: kada ku yi alwala da ruwan kanal. Fitsarin ɓera yana sa masa ƙwayar cutar Weil, wadda ke shiga ta rauni, ido ko baki, in zazzaɓi ya kama wani bayan tafiyar ya gaya wa likita ya taɓa ruwan kanal. Ku yi amfani da ruwan tanki, ku cika shi kullum. Bayan gida kuma tanki yake tarawa, tsarki da buta na mutum biyar zai cika shi da wuri, don haka ku tambayi kamfani girmansa da inda ake zuƙewa. Alƙibla tana sauyawa da kowace kwana, ya fi sauƙi ku ɗaure ku yi salla. Ku yi guzurin naman halal tun daga Birmingham, ƙauyukan hanya ba lallai a samu ba.

Game da hanya, kada ku fara da Tardebigge mai lok 30 ko Hatton mai 21. Kanal ɗin Ashby yana da mil 22 babu lok ko ɗaya, ya dace da koyon tuƙi, daga baya ku nemi hanya mai lok kaɗan. Lissafin lokaci shi ne ku haɗa yawan mil da yawan lok ku raba da uku, abin da ya fito shi ne awoyin tafiya. Mil 12 da lok 6 awa shida ke nan, kuma ya isa wuni. Kamfanonin haya ba sa yarda a yi tuƙi bayan duhu, kuma da safe ake mayar da jirgi, don haka ku juyo tun kafin rabin kwanakinku ya cika, daren ƙarshe ku kwana kusa da tashar. Allah ya kawo ka lafiya, ya ba da sa'ar karatu.