Ƙungiyar besbol ɗin da ta shekara ba a doke ta ba

Tambaya: Malam dan Allah wace ƙungiyar besbol (wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda) ce ta fara biyan dukkan 'yan wasanta albashi a fili, kuma ya ta kaya musu?

Amsa: Cincinnati Red Stockings ce ta Amurka, a 1869. Harry Wright ne kyaftin, ƙanensa George kuwa shi ya fi kowa albashi, dala 1,400. Wallahi abin da ke burge ni da su, wasa 57 suka buga a hukumance a shekarar ba wanda ya doke su, ga shi lokacin ba safar hannu, haka suke cafe ƙwallo da tsurar hannu, har San Francisco suka je a jirgin ƙasa suka yi wasa. Sai a Yunin 1870 Brooklyn Atlantics ta doke su da 8-7.