Tambaya da Amsa: Janaretan Asibitinmu Yana Tashi Ranar Gwaji, Ya Mutu Daren Tiyata

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam Injiniya. Ni ungozoma ce, kuma ni nake kula da harkokin yau da kullum na wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a yankin Aboabo, a nan Kumasi, inda muke da ɗakin haihuwa da ɗakin tiyata guda ɗaya. Muna da janareta mai shan dizal, mai ƙarfin kVA 100, kuma kowace Juma'a da safe mai gadinmu yakan tayar da shi na kamar minti 10, bai taɓa ƙin tashi ba. Amma a wani dare cikin watan jiya aka ɗauke wuta ana tsakiyar yi wa wata mata tiyatar haihuwa. Injin ya tashi, ya yi aiki bai fi minti 15 ba, sai ya fara tari ya mutu, da fitilun waya aka ƙarasa ɗinki. Allah ya kiyaye, uwa da jariri suna lafiya, amma har yau daren bai fita a raina ba. Washegari makaniki ya zo ya tayar da shi, ya ce lafiyarsa ƙalau, mai asibitin kuma yana ganin a sayi sabo. Mene ne shawararka?
Wata ungozoma, Aboabo

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara tsarewa, ya kuma saka wa waɗanda suka riƙe fitilu a wannan dare da alheri. Kada a yi gaggawar sayen sabon inji, domin idan aka kawo shi aka ci gaba da yi masa irin gwajin da ake yi wa wannan, bayan shekara biyu ko uku shi ma zai yi muku abin da wannan ya yi.

Abin da mai gadinku yake yi kowace Juma'a yana nuna abu ɗaya ne kawai, wato batir yana da caji kuma injin yana iya tashi. Bai nuna cewa zai iya ɗaukar asibiti ba. Injin da yake juyi babu lodi a kansa mai kaɗan yake sha, zafinsa ma kaɗan ne, saboda haka ko da matatar mai ta kusa toshewa, ɗan abin da yake ratsawa ya ishe shi, kuma ko da ƙura ta cike lagireto, ba zai yi zafin da za a gane ba cikin minti 10. Da zarar an ɗora masa fitilun tiyata da na'urorin sanyaya ɗaki da firji da famfon ruwa, buƙatarsa ta mai takan ninka sau da yawa, a lokacin ne toshewar take bayyana. Ba zan yanke hukunci a kan injin da ban sa masa hannu ba, amma yadda kika ce ya yi tari kafin ya mutu ya fi kama da injin da mai ya yanke masa, ko dai saboda matata ta toshe, ko ruwa da laka sun taru a gindin tanki, ko iska tana shiga bututun mai. Injin da zafi ya kashe yakan tsaya ne kai tsaye, ya bar jar fitila a allonsa. Makanikin da ya zo washegari ya tayar da shi babu lodi bai yi miki ƙarya ba, sai dai ya maimaita gwajin mai gadi ne.

Akwai ma wata illa da wannan gwaji na minti 10 yake jawowa idan shi kaɗai ake yi. Injin dizal yana son ya yi zafi sosai kafin ya ƙone mai yadda ya kamata. Idan kullum babu lodi yake juyi, man da bai ƙone ba yakan haɗu da toka ya taru a kan nozul da cikin salansa. Ki je bayan injinku ki duba mahaɗar salansa. Idan kika ga wani baƙin abu mai danƙo kamar kwalta yana tsatsowa yana gangarowa, to alamar ke nan, kuma maganinsa shi ne a ɗora wa injin lodi mai nauyi na wasu awanni har ya ƙone dattin.

Mu da muka ga shekarun dumsor, wato yawan ɗauke wuta da aka yi fama da shi a Ghana daga 2012 zuwa 2016, musamman 2015 lokacin da unguwa kan yi awa 24 babu wuta, mun saba da janaretan da yake aiki kusan kullum. Irin wannan inji ba ya ɓoye ciwonsa, domin duk abin da ya lalace a cikin mako ake ganinsa a gyara. Injin da yake zaune yana jiran ranar da za a neme shi ya fi wuyar sha'ani, saboda batirinsa yana tsufa, mansa yana lalacewa, ɓera yana cin waya, kuma babu wanda zai sani sai daren da aka buƙace shi. A ganina asibitocinmu ƙanana sun fi fuskantar wannan haɗari a lokacin da wuta ta ɗan zauna fiye da lokacin da take yawan yankewa.

Gwajin gaskiya shi ne a yanke wutar ECG, wato kamfanin rarraba wutar lantarki na Ghana, da gangan, a bar janareta ya ɗauki asibitin. A Amurka akwai ƙa'idar da ake kira NFPA 110, wadda asibitocinsu suke bi, kuma injiniyoyi a ƙasashe da dama suna aro daga gare ta. Ta ce a duba inji kowane mako, a kuma gwada shi da lodi kowane wata na aƙalla minti 30, lodin kuma kada ya gaza kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da aka rubuta a jikinsa. Injinku na kVA 100 yana ba da kimanin kilowat 80, saboda haka kada lodin gwaji ya yi ƙasa da kilowat 24. Ga wuraren da rai ya dogara da wuta, ƙa'idar ta ce wutar janareta ta iso cikin daƙiƙa 10 daga yankewa.

Na san abin da likita zai ce idan kika kai masa wannan magana: yaya za a kashe wutar asibiti da hannu alhali akwai majinyata? Tsoronsa yana kan hanya, kuma amsarsa ita ce shiri. A zaɓi safiyar da babu tiyata a jadawali kuma babu mai naƙuda da ta kusa, a sanar da kowane ɗaki tun ana gobe. Duk majinyacin da yake kan na'urar tace oksijin a ajiye masa tukunyar oksijin cikakkiya a gefen gado, nas tana tsaye kusa da shi, haka ma bakwainin da yake cikin kwalba. Mai gyaran wuta ya tsaya a gaban babban makunni, makaniki ya tsaya a gaban inji, ke kuma ki riƙe agogo. A sauke makunnin ECG, ki ƙirga daƙiƙa nawa aka yi kafin fitila ta dawo. Idan wani abu ya ƙi, cikin ƙiftawar ido za a mayar da makunni wuta ta dawo, wanda ba shi yiwuwa da ƙarfe biyun dare idan kamfani ne ya ɗauke. Wannan hanya ce kaɗai take gwada canjoba, wato makunnin da yake sauya asibiti daga layin kamfani zuwa na janareta, wanda shi ma yakan maƙale idan ya daɗe bai motsa ba.

A cikin minti 30 ɗin kada a tsaya ana kallo kawai. A rubuta ƙarfin wuta, wanda ya kamata ya tsaya kusa da bolt 230 a kowane layi, da bugun wuta, wato abin da ake aunawa da Hz, wanda a Ghana 50 ne, da zafin ruwa, da ƙarfin bugun baƙin mai, a farko da tsakiya da ƙarshe. Wani ya zaga ɗakuna ya tabbatar cewa soket ɗin tiyata, da firjin allurar rigakafi da yake buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8, da firjin jini idan kuna da shi, duk suna samun wuta. Na taɓa shiga wani asibiti da aka ƙara sabon ɗaki aka ja masa waya daga layin da bai bi ta canjoba ba, aka kuma mayar da firjin rigakafi can, babu wanda ya lura sai ranar da muka yi irin wannan zagaye. Idan lodin safiya bai kai kilowat 24 ba, a kunna tukunyar dafa kayan tiyata da na'urorin sanyaya ɗaki da famfo. Idan duk da haka bai kai ba, sau ɗaya a shekara a yi hayar na'urar lodin gwaji daga masu sayar da manyan janareta, a ɗora masa rabin ƙarfinsa na minti 30, sannan kashi 75 na awa ɗaya. Bayan an mayar da wutar kamfani a bar injin ya yi juyi babu lodi na kamar minti 5 ya huce kafin ya tsaya.

Aikin Juma'a kuwa kada a daina shi, a gyara shi ya zama dubawa. Batir shi ne kan gaba a abubuwan da suke hana janaretan ko-ta-kwana tashi, saboda haka a duba kawunansa, idan an ga farin gari ko kore ya taru a kansu a wanke a ɗaure da kyau, a kuma tabbatar cajarsa tana aiki. A rubuta ranar da aka saye shi a jikinsa da fenti, a canja shi idan ya kai shekara biyu zuwa biyu da rabi ko da yana tayar da inji, tsohon a ba motar asibiti. A duba baƙin mai da ruwan lagireto da fambel, a leƙa ƙarƙashin inji ko akwai ɗigo. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ƙura takan toshe matatar iska da ramukan lagireto da wuri, sai a ƙara yawan dubawa. Abu na ƙarshe kafin a rufe ƙofa shi ne a tabbatar makunnin allo yana kan AUTO, wato inda injin zai tashi da kansa idan an ɗauke wuta, kuma ba a danne jan maɓallin tsayarwar gaggawa ba, domin sau da yawa makaniki yakan kashe su lokacin sabis ya tafi ya manta. Baƙin mai da matatu a canja su bisa awannin da kamfanin injin ya rubuta, yawanci 250 ko 500, ko sau ɗaya a shekara idan awannin ba su cika ba. Kayan gyara ba su da wuya a Magazin ta Suame, babbar kasuwar makanikai ta Kumasi, amma a riƙe lambar matatar asali a je da ita, kuma a ajiye saiti ɗaya a asibiti tare da sifana, inda ma'aikacin dare zai iya kaiwa gare su.

Duk wannan a sa shi cikin littafi guda mai kwanan wata da sa hannu, a ba mutum ɗaya amanarsa da sunansa, ke kuma ki riƙa dubawa kowane wata. Kuɗin da mai asibitin ya yi niyyar sayen sabon inji da shi, ina ba shi shawara ya cire kaɗan ya sayi UPS ko inbata mai batir, wato na'urar da take ci gaba da ba da wuta nan take idan an ɗauke, domin fitilar tiyata da na'urar sa barci da na'urar lura da bugun zuciya, saboda ko janareta mai lafiya yana barin duhu na daƙiƙa 10, kuma likitan da yake riƙe da jijiya mai zubar da jini ba shi da daƙiƙa 10 na bayarwa. Idan an wanke tanki, an canja matatu, an yi gwajin lodi, injin ya kasa riƙe kashi 75, a lokacin ne maganar sabo ta taso.

TAMBAYA: Malam, ni nake kula da janaretan wani asibiti a Asawase. Shugabanmu ya sayi dizal duro huɗu tun bara lokacin da ya ga farashi zai tashi, suna ajiye a bayan ɗakin inji, a fili. Ko man yana nan da kyansa?
Wani matashi, Asawase

AMSA: Ɗan'uwa, madalla da ka yi wannan tambaya kafin ka zuba shi a tanki. Dizal ba ya son dogon zama, daga wata 6 zuwa 12 yakan fara canjawa, kuma zafi da laima irin na Kumasi suna gaggauta hakan. Duron da yake tsaye a fili ruwan sama yakan kwanta a kansa, idan rana ta buga shi sannan dare ya sanyaya shi sai ya riƙa zuƙar ruwan ta bakin murfi. Ruwa ya fi dizal nauyi, saboda haka yakan kwanta a ƙasa, kuma a mahaɗarsu wasu ƙwayoyin halitta suke girma su zama baƙar laka mai toshe matata.

Ka samu tiyo mai tsabta ka zuƙo man daga can gindin kowane duro ka zuba a farar kwalba, ka ajiye ta awa ɗaya ka ɗaga ta a hasken rana. Man kirki garau yake, ana hango yatsa ta bayansa. Idan ka ga ya yi duhu ko gajimare, ko ruwa ya kwanta a ƙasa, ko baƙin datti yana yawo, kada ya shiga injin asibiti sai an tace shi an cire ruwan. Wanda ya fita da kyau a fara amfani da shi yanzu, sabon da za a saya ya koma baya a layi, a riƙa rubuta ranar saye a jikin kowane duro.

Ka kuma roƙi shugabanku a yi wa durorin rumfa, a ɗora su a kan dakali nesa da salansa da wayoyin wuta, da abin kashe gobara a kusa. Maganar dakali ba ƙarama ba ce a unguwannin da ruwa yake shiga da damina. A 2012, lokacin guguwar Sandy, asibitin Bellevue da ke New York yana da janaretoci a hawa na 13, amma famfunan da suke tura musu mai suna ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya cinye su, sai da mutane suka yi layi a matakala suna miƙa mai hannu da hannu, daga baya aka kwashe majinyata zuwa wasu asibitoci. Ka duba inda ruwan daminar bara ya tsaya a bangon ɗakin injinku, ka tabbatar tanki da batir da famfon mai duk suna sama da wannan alama.