Mai son zuwa ƙauyen bakin teku: ka wuce Kiribi, ka tafi Eboje

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kai ɗan Marwa ne, baka taɓa ganin teku ba sai a waya, kana so idan hutun ƙarshen shekara ya zo ku sauka kudancin Kamaru kai da abokinka, amma ba birni kake so ba, ƙauye kake nema inda babu hayaniya, kuma kana tambaya me mutum zai yi a can banda zama ya zuba wa ruwa ido. To ni na je. Daga Garwa na tashi a watan Disamba, kwana huɗu na yi a Eboje, wani ƙauyen masunta kamar kilomita 50 kudu da Kiribi a kan hanyar Kampo, kuma da za a ce in sake zaɓe nan ɗin zan koma.

Hanya dai ka san farkonta. Mota zuwa Ngaundere, sai jirgin ƙasa na dare, ka kwana a ciki gari ya waye maka a Yawunde. In kana da hali ka ɗauki wurin kwanciya, don zaman kujera dare guda yana karya baya, kuma a ƙarshen shekara mutane yawa gare su, ka yanki tikiti da wuri. A Yawunde ni Birkiteri na shiga na huta, unguwar mutanenmu ce, ga masallaci ga tsire ga shayi, ba za ka ji baƙunta ba. Daga nan ka tafi Mvan inda motocin kudu suke lodi, ku bi ta Edeya, sai Kiribi. Kada ka ce a ranar za ka zarce ƙauye. Ka kwana a Kiribi, akwai Hausawa da Fulani 'yan kasuwa, akwai masallaci, ka ciri kuɗi a hannu, ka sayi ruwan gora da burodi da siga da ganyen shayinka, don a gaba babu banki kuma netwok sai ya ga dama.

Lokacin da na je kwalta ta raka mu har wajen sabuwar tashar jiragen ruwa, waccan babbar da aka fara aiki da ita a 2018, daga can kuma sai jar ƙasa da gadojin katako a cikin kurmi. Ni moto, wato babur, na hau, ƙura ta mayar da ni ja kamar wanda ya fito daga ginin bulo. Amma na gode Allah ƙura ce ba taɓo ba, don in ka kuskura ka je a Satumba ko Oktoba ruwan sama ne ba ƙaƙƙautawa, hanyar nan sai ta ci maka yini. Disamba zuwa Fabrairu shine daidai, kuma ka yi sa'a shine lokacin da kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai.

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe fiye da komai: teku ba Binuwai ba ce. Ni na tashi ina iyo a Binuwai, na yi wanka a dam ɗin Lagdo ba adadi, da wannan taƙamar na shiga ruwa ranar farko ko sallama ban yi wa kowa ba. Ruwa iya cinya fa, ina tsaye ina dariya ina kiran wani yaro ya ɗauke ni hoto, kawai igiya ta zo ta bayana ta kwashe ƙafafuna, na sha ruwan gishiri har ta hanci, kafin in miƙe wata ta sake nannaɗe ni, kuma abin da ya fi bani tsoro shine lokacin da ruwan ke komawa, yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka zarewa yake kamar ana jan tabarma. Kogi gefe ɗaya yake ja, ka san inda ya nufa. Wannan turo ka yake ya kuma jawo ka. Wani dattijo yana gyaran raga a gindin kwakwa, ko motsi bai yi ba, da na fito ina tari sai ya nuna min wani wuri can gefe bayan duwatsu inda yaransu ke wanka, ruwan a kwance kamar tafki. Da na tambaya tun farko da ban sha wuya ba. Kai kuma ɗan Marwa ne, mayo ɗinku, wato koginku, rabin shekara yashi ne zalla ana buga ƙwallo a ciki, don Allah kada ka wuce gwiwa sai da ɗan gari a kusa.

Na biyu, ruwan yana da lokaci. Sau biyu a yini yake cika sau biyu yake janyewa, kuma kullum lokacin yana ɗan matsawa gaba da kusan awa guda. Ni ban san haka ba, na ajiye takalmina a busasshen yashi nesa da ruwa na tafi yawo, na dawo wurin ya zama teku, ƙafa ɗaya kawai na samu. Duk abin da za ka yi a ƙauyen nan, yawon bakin gaɓa ne, shiga kwale-kwale ne, zuwa wajen dutsen nan da suke kira Roshe du Lu ne, sai ka tambaya yaushe ruwa zai janye. Mutanen wurin, Iyasa ake ce musu, ba agogo suke dubawa ba, ruwa da wata suke kallo.

Kunkuru kuwa shine dalilin da ya sa ake zuwa Eboje. Akwai ma wani ɗan gida da suka yi na nuna wa baƙi ƙwarya da hotuna da bayanin irinsu. A da cin naman ake da ƙwan, yanzu samarin ƙauyen ne ke gadin gaɓar da dare, kuma a 2021 gwamnati ta mayar da ruwan yankin wurin da aka keɓe mai suna Manyange na Elombo-Kampo, shine na farko irinsa na cikin teku a Kamaru. Ka biya ɗan abin da suka ce ka bi masu gadin. Daren farko mun yi tafiya har ƙafata ta yi tsami bamu ga komai ba, na dawo ina cewa a raina an ci kuɗina. Dare na biyu haka. Shi ya sa nake ce maka kada ka yi shirin kwana ɗaya, dabba ce ba alkawari ta yi da kai ba.

Dare na uku wajen ƙarfe ɗaya sai jagoran ya riƙe min hannu ya nuna ƙasa. Wata sawu ce ta fito daga ruwa ta haura sama, kamar an gangaro da tayar tarakta. Muka bi a hankali, ya hana kunna tocila, jar fitila kawai gare shi ƙarama, wai farin haske yana sa ta fasa ta koma ruwa. Ga ta nan a gindin ciyayi, faɗinta kamar babban faranti na biki, tana haƙa da ƙafafun baya, ɗaya ta ɗebo yashi ta watsar ɗaya ta shiga, a natse kamar tsohuwa tana kwasar tuwo. Da ramin ya yi sai ƙwai suka fara zubowa biyu biyu uku uku, farare, kamar ƙwallon tebur, kuma ba su fashewa don ɓawon taushi gare shi kamar fata. Tana yi tana wani dogon numfashi, idonta na zubar da ruwa. Na ce kuka take? Ya ce a'a, gishirin jikinta take fitarwa ta nan. Mun ƙirga ya haura ɗari. Ta rufe, ta daddaɓe wurin da cikinta har kana jin dim dim a ƙasa, ta juya ta koma teku ko waiwaye babu. Su kuma suka kwashe ƙwan suka kai wani wuri da suka killace saboda karnuka da ƙaguwa da ɓarayi, wajen wata biyu suke ƙyanƙyashewa. Abin da ya ɗaure min kai, zafin yashi ne ke sa ɗan ya zama mace ko namiji, in ya yi zafi mata sun fi yawa. Na ce da a Garwa ake binne su da ko namiji ɗaya ba za a samu ba. Wannan ƙarama ce ma, akwai wata babba mai baƙin baya kamar fata wadda nauyinta ke kai ɗaruruwan kilo, ita ban yi rabon gani ba.

Da rana kuma ka tashi da asuba ka je inda masunta ke dawowa, ka sa hannu a ja kwale-kwale, nan take za ka yi abokai, ka sayi kifi da ransa a gasa maka. Na bi su cikin ruwa sau ɗaya, minti ashirin cikina ya juye, na amayar da shayin safe, suna ta dariya. In za ka gwada kada ka ci mai maiƙo, kuma ka ce sai an baka rigar ceto. Abin da ya fi min daɗi shine shiga ƙaramin kwale-kwale cikin rafin da ke bayan ƙauye, ruwa baƙi kamar shayi, itatuwa sun rufe sama, tsit sai kukan tsuntsaye.

Gandun dajin Kampo Ma'an yana kusa, an kafa shi a shekarar 2000, yana cikin abin da aka yi don rama ɓarnar bututun man Cadi da ya taso daga Doba ya ƙare a Kiribi, kilomita 1,070. Akwai giwayen kurmi da gwaggon biri a ciki. Amma kada ka je da tunanin gandun dajin Waza na can arewa, inda za ka tsaya a mota ka hango raƙumin dawa daga nesa. A kurmi taku goma gabanka ba ka gani, sai dai ka ji motsi a sama, jagora ya nuna maka kashin giwa ya ce jiya ta wuce. Sai da izini da ɗan rakiya ake shiga, ka sa dogon wando da takalmi rufaffe saboda tururuwa. In kwanakinku kaɗan ne ni dai da na bar shi. Garin Kampo kansa kan iyaka ne, kogin Ntem ne tsakaninmu da Ikwatoriyal Gini, saboda haka katin ɗan ƙasa kada ya bar aljihunka, shingen jandarma ba ɗaya ba ne, kuma da sun ga hula da jallabiya tambayoyi sun fi yawa. Ka yi haƙuri ka amsa, ka wuce.

A hanyar dawowa ka tsaya a Lobe, kamar kilomita 7 kafin Kiribi, inda kogi ke zubowa daga kan duwatsu kai tsaye cikin teku. Wurin yana da kyau amma kasuwa ce, kafin ka sauka daga moto an kewaye ka, ka yi ciniki kafin ka taka jirgi ba bayan ka shiga ba. Ka ci krevet ɗinsu, jatan lande ke nan, da yaji da soyayyar agada, dama sunan ƙasarmu daga wannan halitta Turawan Fotugal suka samo shi. Za su ce su kai ka sama ka ga 'yan Bagiyeli mutanen kurmi. Na je kuma ban ji daɗi ba, an tara mutane da tsofaffinsu su yi rawa baƙo na ɗaukar hoto, kuɗin kuma yawanci a hannun mai jirgi yake tsayawa. Ba zan hana ka ba, amma ni ba zan sake ba.

Maganar addini da ci, don na san za ka tambaya. Yawancin mutanen ƙauyen Kirista ne, kuma wallahi sun mutunta ni, matar da na sauka gidansu da ta ga ina sallah ita ta riƙa hana yara wucewa ta gabana. Ruwan teku yana alwala, abin cikinsa halal ne, saboda haka ka tsaya a kifi da bobolo, wato rogon nan da ake naɗewa a ganye, warinsa zai dame ka ranar farko, rana ta uku da kanka za ka nema. Naman miya kuwa ka tambaya, naman daji ne sau da yawa. Farin abin da za a miƙo maka a kofi ana cewa matango, bammi ne, ka ce na gode kawai. Alƙibla ba wuya, rana a cikin teku take faɗuwa, ka ba ruwa baya ka karkata hagu.

Sai damshi. Mu mun saba da zafi busasshe, ka wanke riga kafin ka idar da sallah ta bushe. Can kwana biyu rigata na kan igiya tana nan jiƙe, kilishin da na saya a Ngaundere don guzuri ya yi laushi ya fara fari fari, dole na zubar da rabi, abin ya min ciwo. Ka cinye naka a jirgi. Ka tafi da kaya marasa nauyi, gidan sauro, maganin zazzaɓi, pawa bank, da leda mai kauri ta saka waya. Akwai wasu ƙananan ƙwari da suke ce wa mutmut, ba ka ganinsu sai dai ka ga hannunka ya yi ja, da yamma ka sa mai dogon hannu.

Ka kuma tafi da gora ɗaya wofi. Ni ban yi niyya ba, amma ranar da zan taso Hajiyarmu ta kira ta ce kada in dawo mata ba ruwan teku, maƙwabta ma sun sa baki, wai na ciwon ƙafa. Lita biyar na ɗauko, na yi ta dakonta daga moto zuwa mota zuwa jirgi, a wani shinge jandarma ya buɗe ya shinshina ya kalle ni ya ce daga arewa kake ko? Na ce eh. Ya rufe ya miƙo min.