Likita, jinin Baba sauka yake yi, wane magani zan siyo masa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum likita, barka da kokari. Dan Allah mahaifina ne, shekararsa 68, yana da ciwon suga ya kai shekara 15 kuma yana shan maganin hawan jini tun da dadewa. To watannin nan da ya mike tsaye sai jiri ya debe shi ganinsa ya yi duhu, satin da ya wuce ma cikin dare ya tashi zai shiga bandaki kawai ya yanke jiki ya fadi har goshinsa ya fashe, wlh hankalinmu ya tashi. Mun auna da na'urar gida muka ga 88/56. Wata ta ce in siyo masa maganin karin jini, ni kuma na ga ana maganar wani wai midodrin a intanet. Wanne zan siyo? Daga wata mai karatunmu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri. Gaskiya kar ki siyo ko daya tukuna.

Na farko, wadda ta ba ki shawara ta hada abu biyu ne da mutane suka saba hadawa. Karancin jini daban, saukar jini daban. Karancin jini shi ne jinin kansa ya yi karanci, sai an debi jini an kai lab ake ganewa. Saukar jini kuwa karfin da jini ke bi da shi cikin jijiyoyi ne ya yi kasa, galibi idan awo ya gaza 90/60. Mutum zai iya cika taf da jini amma yana fama da wannan, kinga maganin karin jini ba abin da zai tsinana masa.

Abin da kika fada ya fi kama da saukar jini na mikewa tsaye. Idan mutum ya tashi jini yakan gangara kafafu, a take jijiyoyi su matse su turo shi sama, to ciwon suga idan ya dade yana lalata jijiyoyin da ke ba da wannan umarnin, shekaru ma suna rage musu karfi, sai kwakwalwa ta dan rasa jini na 'yan dakikoki. Ga yadda za ki gwada: ya kwanta minti 5 ki auna, ya mike ki rike shi ki sake aunawa bayan minti 1 da bayan minti 3. Idan lambar sama ta ragu da 20 ko ta kasa ta ragu da 10, shi ne.

Amma inda idona ya fi tsayawa a wasikarki shi ne har yanzu yana shan maganin hawan jini. Sau da yawa maganin da ya dace da mutum shekara 10 baya yanzu ya yi masa yawa, musamman masu sa yawan fitsari. Haka maganin furostat, wato kumburin nan da ke wahalar da maza wajen fitsari, irin su tamsulosin, da wasu magungunan damuwa, duk suna saukar da jini. Wani mutumin da zarar likita ya rage masa kwaya daya sai jirin ya tafi. Sai dai dan Allah kar ki tsayar masa da kanki, akwai wadanda idan aka bari lokaci guda jinin ke hawa fiye da da.

Yanzu maganar midodrin. Eh magani ne na gaske, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 1996, aikinsa matse jijiyoyin jini. Ana farawa da miligiram 2.5 a kai har 10, sau uku a yini, kuma na karshe dole ya zama akalla awa 4 kafin a kwanta. Dalili kuwa shi maganin bai san ko mutum a tsaye yake ko a kwance ba, zai gyara shi a tsaye amma yana kwanciya jinin ya hau sosai, ga Baba dama mai hawan jini ne, nan ne tsorona yake. Yana sa kaikayin fatar kai, tsigar jiki ta rika tashi, wani kuma fitsari ya rike masa.

Akwai fuludrokotison, wasu sun san shi da Florinef. Shi kuma koda yake sawa ta rike gishiri da ruwa sai jinin ya karu a jijiya, galibi miligiram 0.1 ake farawa da shi. Yana kumbura kafa, yana rage sinadarin fotashiyam, don haka sai ana gwajin jini lokaci lokaci, mai ciwon zuciya kuwa zai iya tara masa ruwa a huhu. Sai droksidofa da ake sayarwa da sunan Northera, an amince da shi a Amurka a 2014, an fi ba masu ciwon Fakinsin, wato ciwon nan mai sa karkarwar jiki, da makamantansu.

Kafin ma a kai ga wadannan akwai abin da za ku fara yau. Idan ya farka kar ya zabura, ya zauna bakin gado minti daya ko biyu yana motsa kafafu sannan ya tashi. Ya sha ruwa sosai, kofi biyu na ruwa a tashi daya yana daga jini cikin 'yan mintoci. A dan daga bangaren kan gadon, a bar fitila a kunne hanyar bandaki, ya rika yin fitsari a zaune, ya guji wanka da ruwa mai zafi sosai da cika ciki lokaci guda. Safa mai matse kafa da damarar ciki suna taimakawa. Karin gishiri kam kar ki yi sai likita ya ce.

Idan kuma kika ga ya sume bai farfado da wuri ba, ko ciwon kirji, ko jikinsa ya yi sanyi yana gumi, magana ta harde, bayan gida baki ko amai da jini, wannan ba na jira ba ne, ki kwantar da shi ki daga kafafunsa a garzaya asibiti, can za su sa ruwa ta jijiya in ta kama har da noradirenalin, maganin daga jini da ake ba ta jijiya.

Tunda har ya fadi ya buga kai, cikin satin nan ki kai shi. Ki zuba duk magungunan da yake sha a leda daya da kwalayensu, har wadanda ba likita ya rubuta ba, ki tafi da takardar da kika rubuta awon kwance da na tsaye na kwana uku, sannan ki roki a duba sugansa da kodarsa a yi masa gwajin bugun zuciya.